Hanyar Lafiyar Oom Gysbert

Da cika baki aikin gwamnati ne, da Oom Gysbert Labuschagne bai taɓa yin ritaya ba. Aikin tashar jirgin ƙasa ya bari, amma bakin yana nan yana aiki ko ranar Lahadi. Duk wanda ya zauna a layinsu a Oudtshoorn, inda ake ce wa dattijo Oom, dattijuwa kuma Tannie, ya sha labarin yadda jirgi bai taɓa makara ba a zamaninsa, ko da yake waɗanda suka san shi a lokacin sun ce tikiti kawai yake sayarwa ta taga.

Da ya ajiye aiki sai ya sayo wata tsohuwar farar mota mai ɗaki a jiki. Akwai gado, akwai murhu da firji, har da ɗan bayin da sai da baya ake shigarsa don ba wurin juyawa. Ya raɗa mata suna Sarauniya. Tannie Dollie Plaatjies, maƙwabciyarsu ta tsallaken titi, ta leƙo ta kan shinge ta ƙare mata kallo, ta ce, "Wace Sarauniya? Kunkuru dai. Gida a baya, tafiya a hankali." Sunan Tannie Dollie shi ya bi motar, har mai gidan mai da shi yake kiran ta.

Kunkuru ta daɗe a ƙofar gida ba ta je ko'ina ba, sai wanki da goge-goge. Ana nan sai ga bikin auren jikarsa Elzaan ya taso, a Soetdoring, wani ɗan gari can cikin Karoo, busasshen yankin masu kiwon tumaki. Matarsa Tannie Hantie ita ta ɗauki nauyin kek ɗin biki: hawa uku, cike da busassun 'ya'yan itace, an lulluɓe shi da furannin sukari da ta murza ɗaya bayan ɗaya har idonta ya yi ja. A hannunta Elzaan ta girma, kuma tun tana 'yar mitsitsiya ta ce ranar aurenta ba za ta yanka kek ɗin kowa ba sai na Ouma, wato kakarta. Abin da ya rage shi ne a kai shi lafiya.

Oom Ockert, yayan Tannie Hantie, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shi ya fara tayi.

"Swaer," in ji shi, don haka surukan biyu ke kiran juna, "a sa shi a kujerar bayan motata. Kwalta ce sumul daga nan har ƙofar coci."

"Kwalta?" Oom Gysbert ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ka kirga tireloli nawa ke bin kwaltar nan? Ka san kwana nawa ke cikin kwazazzabon dutsen? Kai da har yanzu taswirar takarda kake ninkewa, ita ma a juye? Zauna in koya maka, Swaer. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Ya fito da wayarsa. Akwai wata taswira a ciki ta masu manyan motoci, wadda ake gaya wa tsawon mota da faɗinta da nauyinta, ita kuma ta zaɓo hanyar da za ta ɗauke ta. Oom Gysbert bai yarda ya yi awon a ɓoye ba. Sai da ya jira yamma ta yi, maƙwabta suka fito ban ruwan fulawa, sannan ya kafa tsani ya hau da tef ɗin awo. Ya auna daga ƙasa zuwa rufi, ya faɗi lambar da ƙarfi, ya sake aunawa don kada a ce. Ya sauko ya danna ta a waya da yatsa ɗaya, harshe a waje.

"Ga shi nan. Na ce mata ta kauce wa babban titi, ta kauce. Na ce ta kauce wa hawan dutse, ta kauce. Na ce kada ta kai ni gadar da ta fi ƙarfina, ta ce to. Duba nan, Dollie, har rufin cocin ina gani daga sama."

Tannie Dollie ta ce, "Ka ga kanka a ciki?"

"Ki yi ta zolaya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ku shaida, duk ku shaida: in furen sukari ɗaya ya karye a kek ɗin nan, kada a ƙara kira na Labuschagne."

Tannie Hantie tana tsaye a bakin ƙofa tana goge hannu. Da magariba ta ɗauki babban kwandon wanki lulluɓe da zanen gado ta shiga gidan yayanta, ta ce injin wankinta ke ƙara. Oom Gysbert bai ko ɗago ba, yana can yana matso da taswira yana nisanta ta.

Ranar Asabar da sassafe, har an kulle gida, sai ya tuna da itace. Shi fa an ce shi zai gasa naman dare, kuma Oom Gysbert ba ya gashi da itacen kowa. Yana da tarin kututturen inabi da ya shekara yana busarwa a bayan gida, wanda garwashinsa ke kaiwa tsakar dare bai mutu ba.

"Mutanen Karoo suna da itace ne? Da kashin tumaki kakanninsu ke hura wuta. Ba za a gasa naman bikin jikata da tarkace ba."

Ciki ba wuri, saboda haka ya sake kafa tsani. Buhu ya hau kan buhu a kan rufin Kunkuru, sannan ya kifa babbar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku a can ƙololuwa, ya ɗaure da igiya tamau.

Tannie Dollie, da rigar barci da kofin kofi a hannu, ta ɗaga kai ta ce, "Gysbert, Kunkurunka ta yi doro. Ka gaya wa wayar?"

"Waya ta san motata. Itace ba mota ba ne, kaya ne."

Tannie Hantie ta fito da ƙaton farin kwali, tana takawa a hankali. Ta zauna a kujerar gaba ta ɗora shi a cinya, ta rungume da hannu biyu. Oom Ockert kuwa ko wanka bai yi ba, yana zaune a baranda yana tsoma busasshen burodin nan, beskuit, a cikin kofi. Oom Gysbert ya danna masa hon mai tsawo.

"Sai ka iso, Swaer! Zan ajiye maka kujera!"

Muryar mace ce a cikin wayar, mai sanyi, ba ta fushi. Ba su yi nisa da gari ba ta ce a juya hagu. Kwalta ta ƙare, burji ya fara.

Burjin Karoo gargada ce zalla. Kunkuru ta kama rawa. Ƙofar kabad ta buɗe, cokula suka zubo. Kwanuka suka biyo su. Gwangwanin jam ya gangaro daga baya ya tsaya ƙarƙashin birki, sai da Oom Gysbert ya shure shi. Kwalin da ke cinyar matarsa yana ta ƙwaras-ƙwaras.

"Ma," in ji shi, don Ma da Pa suke kiran juna, "mene ne ke ƙara a ciki?"

"'Yan sandunan da ke tokare hawa-hawan ne. Dubi gabanka, Pa."

"Kin ga ko tirela ɗaya tun da muka juyo? Ko ɗaya? Wannan ita ake kira dabara."

Bai rufe baki ba sai ga ƙyauren gona a gicciye a tsakiyar hanya. Irin waɗannan hanyoyi ta cikin gonakin mutane suke ratsawa, kuma dokarsu ko yaron goye ya san ta: wanda ke gefen direba shi ke sauka ya buɗe, mota ta wuce, ya rufe. Yadda ka tarar da ƙyaure haka za ka bar shi. Mutum ya zagi manomin Karoo ya fi masa sauƙi da ya bar masa ƙyaure a buɗe.

Oom Gysbert ya tsaya ya dubi matarsa. Ita ma ta dube shi, sannan ta dubi kwalin.

"In ajiye shi a ƙasa, cikin cokula?"

"A'a, a'a! Zauna. Ni zan yi."

Ya sauka ya kwance sarƙa, ya ja ƙyaure, ya dawo ya hau, ya wuce, ya sake sauka, ya rufe, ya sake hawa. Ya ce motsa jiki ne, likita ma ya ce ya riƙa yi. Ba su yi tafiyar kirki ba sai ga wani. Bayansa ga wani. Taswira ta nuna hanya shuɗiya miƙaƙƙiya, amma ba ta ce komai a kan ƙyaure ba, don ba ita ke sauka ba. Wani sarƙa ce, wani waya ce aka murɗa, wani kuwa sai an ɗaga shi da kafaɗa. Rana ta ɗago, farar rigar bikinsa ta koma ruwan ƙasa.

A wani ƙyauren, yana cikin kokawa da waya, sai ya ji numfashi a ƙeyarsa. Namijin jimina ne, ƙafafunsa jajaye, alamar yana cikin kwanakin faɗa. Mutumin Oudtshoorn, garin kiwon jimina, ya san abin yi: a kwanta rub da ciki. Oom Gysbert kuwa ya sha koya wa baƙi haka a wurin gashin nama. Da ta zo kansa, gudu ya zura. Ya zagaya Kunkuru jimina na biye, ya sake zagayawa, hularsa ta faɗi, jiminar ta tsaya caccakar ta. Da haka ya samu ya rufe ƙyauren ya faɗa mota.

"Na ruɗa shi ne," in ji shi yana haki. "Dabara ce tsohuwa. A ba shi hula."

"Na gani," in ji Tannie Hantie. Kamar tana tauna wani abu, amma bai kula ba.

Daga nan fara'a ta soma raguwa. Wayar da ta yi alkawarin za su isa da hantsi ta koma cewa da azahar, coci kuwa bayan azahar kaɗan za a shiga. Gwiwarsa ta kumbura. Da suka iso wani dogon ƙyaure mai nauyin tsiya, ya buɗe da ƙyar, ya wuce, sai ya ci gaba da tafiya abinsa.

"Gysbert."

In ta kira sunansa haka, ba Pa ba, to magana ta girma.

"Na'am."

"Ƙyauren."

"Wa zai gani? Duba ko'ina, dutse ne da ƙaya. Ko ƙadangare babu. Gobe a dawowa zan rufe."

"Mahaifinka da yana raye da ya zare maka bel."

"Mahaifina bai taɓa kai kek mai hawa uku ba."

Abin da Oom Gysbert bai yi lissafi da shi ba shi ne fari. Shekarar ba a yi ruwa ba, kuma a gonar nan kullum farar mota ce ke kawo wa tumaki abinci. Tumakin sun haddace: farar mota mai buhuna a sama, ciki zai cika. Suna kwance a bayan wani tudu suka hango Kunkuru da doronta. Ba su taɓa ganin rabo mai girma haka ba.

Ya duba madubi ya ga tunkiya ɗaya tana sassarfa. Ya yi murmushi.

"Kin gani, Ma? Ko dabba ta san mota mai daraja."

Ya sake dubawa, sun zama garke. Ya ƙara dubawa, ba ya ganin hanya sai ulu da ƙura. Suna kuka, Kunkuru na ƙara, cokula na amsawa. Ya taka mai, kwalin ya yi tsalle a cinyar matarsa.

"Kek, Pa!"

Ya sassauta, tumaki suka cim masa. Ya leƙa ta taga yana kora su da hannu. "Kai! Ku koma! Itace ne, ba ci ba ne!" Su kuwa sun saba mai kawo abinci yana kiransu da hannu, sai suka ƙara himma.

Can baya cikin ƙurar sai ga babur mai ƙafa huɗu, wata dattijuwa a kai da gajeren wando da takalmin gona, kare a bayanta. Tannie Breggie Kotzé ce, mai gonar, wadda ko 'yan sandan yankin sai sun cire hula suke yi mata magana. Tana ɗaga hannu tana ihu, amma tumakinta sun cike hanya ba ta da wurin wucewa.

"Mutanen karkara akwai son baƙo," in ji Oom Gysbert, ya miƙa hannu ya ɗaga mata shi ma.

"Ba gaisuwa take yi ba, Gysbert. Dunƙulen hannu ne."

Haka aka shigo Soetdoring ta bayan gari, Kunkuru a gaba, garke a tsakiya, Tannie Breggie da karenta a baya. Hasumiyar coci ta bayyana. Oom Gysbert ya ji ransa ya dawo. Tsakaninsu da cocin ba komai sai titin jirgin ƙasa, hanya kuma ta bi ta ƙarƙashin wata tsohuwar gadar dutse, matsattsiya. Ta cikin ramin gadar yana hango farfajiyar coci cike da 'yan biki, maza da kwat, mata da huluna.

Akwai allo a jikin gadar mai nuna tsawonta. Tannie Hantie ta karanta, ta ɗaga ido ta dubi rufi.

"Pa, tsaya ka duba."

"Ci gaba kai tsaye," in ji muryar waya.

"Kin ji? Ta san tsawona. Ni na gaya mata da kaina. Kuma ni za a koya wa gadar jirgi? Ni?"

Ya gyara zama, ya danna hon don 'yan biki su juyo su ga shigowarsa. Suka kuwa juyo gaba ɗaya.

Tukunyar ƙarfe ce ta fara gaisawa da gadar. Ƙarar da ta yi ta fi ƙararrawar cocin, har mai kiɗan molo a ciki ya ɗauka an buga ta ne ya soma taken shigowar amarya. Buhunan itace suka cushe tsakanin rufi da dutse. Kunkuru ta yi gurnani ta tsaya cak, kanta ya leƙo ta gefen coci, gindinta yana ta gefen gona. Ya sa ribas, ba ta motsa ba. Ya sa giyar gaba, ko gezau.

"Kun iso," in ji muryar waya. "Inda kuka nufa yana gabanku."

Ya tura ƙofa, ta bugi bangon gada. Ta Tannie Hantie ma haka. Mutum ba zai fita ta ƙofa ba, amma tunkiya ba ta buƙatar wuri mai yawa. Suka kwararo ta gefe da gefe, wasu ta ƙarƙashin mota, suka fito farfajiyar coci. Da suka ga ba a zuba musu komai ba, sai suka nemi na kansu. An ƙawata ƙofar coci da furanni da ganye ɗanye shar, abin da ba su gani ba tun bara. Mata suka yi ta ihu suna riƙe huluna. Wani rago ya cafke furen da ke ƙirjin ango. Dominee, limamin cocin, ya fito da littafi a hannu yana cewa a natsu, wata tunkiya ta bi ta tsakanin ƙafafunsa.

Oom Gysbert ya zuge gilashi ya zuro kai, sannan kafaɗa, sannan tumbi ya tsaya. Sai da samari biyu suka ja shi ya fito kamar toshiyar kwalba. Yana miƙewa ya yi ido huɗu da Oom Ockert, fes da shi cikin kwat, har ya sha shayi ya huta.

"Swaer! Sannu da hanya. Na ajiye maka kujera. Sai dai ban san da rakiya za ka zo ba, da na sa an ƙara benci."

"Gadar ce ba daidai ba," in ji Oom Gysbert. "An ƙara wa hanyar ƙasa. A zamanina..."

"A zamaninka tukunya ba ta da tsawo?"

Ana cikin haka Tannie Breggie ta rarrafo ta ƙarƙashin Kunkuru, karenta na biye. Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa.

"Wane ne direban akwatin nan?"

Jama'a suka dare, suka bar shi shi kaɗai a tsakiya.

"Baiwar Allah, bari in yi miki bayani. Akwai taswira..."

"Taswirar ce ta buɗe ƙyaurena?"

"A'a, ni ne, amma..."

"Ita ce ta hana ka rufewa? Hannunta ta sa ta riƙe ka?"

"Gwiwata ce..."

"Ɗan wane gari ne kai?"

"Oudtshoorn."

"Ash! Da ka ce Johannesburg da na yi maka uzuri. Kai ɗan ƙasa, da furfurarka, ka bar ƙyaure a buɗe? Dominee, a rubuta wannan a huɗubar gobe."

Dariya ta ɓarke har da masu kuka. Oom Gysbert ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai ya hango Elzaan ta fito daga motar amarya, ta tattare farar rigarta don kada tumaki su taka, tana waige-waige tana tambayar kakanta, "Ina Ouma? Oupa, ina kek ɗina?" Nan take ya ga ƙofar fita kunya. Hanya ta ɓaci, mota ta maƙale, amma rantsuwarsa a kan kek ya yi ta.

Ya ɗaga murya. "Jama'a! Ku yi dariyarku. Na ce zan kawo kek ɗin nan ko fure ɗaya bai karye ba, kuma na kawo. Ma, miƙo shi!"

Tannie Hantie ta leƙo ta taga. "Bar shi a nan, Pa."

"Miƙo, na ce."

"Gysbert, ka bar shi."

"Yau ɗaya dai ki bar ni in gama abin da na fara!"

Ta ɗaga kafaɗa, ta turo kwalin ta taga. Ya karɓa ya ji bai kai nauyin da ya zata ba, ya ce a ransa ƙarfin zuciya ne. Ya ɗaga shi sama bisa kai don kowa ya gani, ya nufi matakalar coci yana takun ƙasaita. Tumaki suka ɗago kai. Ga mutumin farar mota, ga kuma kaya a hannunsa a ƙarshe. Suka yo kansa gaba ɗaya. Ya yi dama, suka yi dama. Ya yi hagu, ragon nan mai cin fure ya ja da baya ya auna bayan gwiwarsa mai ciwo.

Kwalin ya tashi sama, ya juya, ya faɗo a kan matakala ya fashe. Garke ya rufe shi.

Ba ka jin komai a farfajiya sai ƙurus-ƙurus na tauna. Oom Gysbert yana zaune a ƙasa, bai ko yi yunƙurin tashi ba. Wannan karon ba kunya ce ta kama shi ba, baƙin ciki ne na gaske. Ya tuna jajayen idanun matarsa a kan furannin nan, ya dubi jikarsa, sai hawaye. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya buɗe baki da ƙyar.

"Elzaan, 'yata, na cuce ki. Ba gada ba ce, ba taswira ba ce. Ni ne."

Tannie Dollie, wadda ta biyo motar Oom Ockert, ta dafa ƙirji ta ce, "Yau na ji abin da ban taɓa ji ba. Ko a nan aka tashi, biki ya yi."

Dominee ya sunkuya ya tsamo wani abu daga tsakanin ƙafafun tumaki. Ya juya shi, ya shinshina.

"Wannan ai beskuit ne."

Aka leƙa. Ba sukari, ba fure, ba hawa ko ɗaya. Busasshen burodi ne cike da kwali, tumaki na ta gurgura.

Samari sun riga sun fito da Tannie Hantie ta tagar, ta sauko da mutuncinta, ko hularta ba ta karkace ba. Ta gyara siket, ta sumbaci jikarta a goshi.

"Kek ɗinki yana zauren coci tun ɗazu, 'yar nan. A kujerar bayan motar Ockert ya zo, cikin kwandon wanki, Dollie na riƙe da shi. Je ki gani, ko fure ɗaya bai karye ba."

Elzaan ta yi tsalle ta rungume ta, sannan ta durƙusa da farar rigarta ta rungume kakanta a cikin ƙura, tana dariya tana kuka. Oom Gysbert ya dubi matarsa baki buɗe.

"Hantie. Ba ki yarda da ni ba?"

"Na yarda da kai mana. Tun kafin a haifi uwar yarinyar nan nake aurenka, na san abin da za ka iya. Shi ya sa."

"To in beskuit ne, don me kika rungume shi tun safe kamar jariri? Kek, Pa! Sassauta, Pa!"

Ta dube shi kamar mai mamakin tambayar.

"Da ban riƙe shi ba, wa zai yi ta sauka yana buɗe ƙyaure?"

Aka sake fashewa, har Tannie Breggie sai da ta juya baya don kada a ga haƙoranta. Da ta juyo ta ce tumakinta ba sa bin kowa yanzu sai Kunkuru, saboda haka wanda ya fito da su shi zai mai da su. Maza suka cire kwat suka hau suka yanke igiya, suka zazzago itacen ɗaya-ɗaya, kowa na yaba kyawunsa. Oom Ockert ya ce kada Swaer ya damu, shi zai kula da wutar.

Ana buga ƙararrawar shiga coci Kunkuru ta fita daga gadar da baya, rufinta a lotse, ta juya ta kama burji, garke na biye, Tannie Breggie na gadi a baya. Muryar waya ta ce an kauce hanya, a juya in da hali. Oom Gysbert ya kife ta a kan kujera.

Ya dawo bayan an ɗaura aure, daidai lokacin yanka kek, kuma Elzaan da hannunta ta ba shi yanki mai fure. Kafin dare ya raba har ya fara gaya wa dangin ango cewa da ma shirinsu ne shi da matarsa: mota ɗaya ta ɗauki kek, ɗaya ta janye hatsarin hanya. Ba wanda ya musa masa. Sai dai daga ranar, duk inda ya tashi zai fita, ko daga coci ko daga shagon aski, sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Oom Gysbert, a rufe ƙyaure!"